Mazari ɗan ruwa ne kafin ya zama ɗan sama

Duk wanda ya sauka bakin kogin Isa a Gaya, kusa da gadar Malanbil, zai ga mazari yana shawagi bisa ruwa. Wannan shawagi ƙarshen rayuwarsa ne, na makonni kaɗan. Galibin kwanakinsa cikin ruwa yake yin su.

Macen takan saka ƙwai cikin ruwa ko jikin ciyawa. Abin da ke fitowa ƙwaro ne mai ƙafa shida, marar fiffike, launin laka. Yana girma yana saɓa kamar maciji, sau 10 zuwa 15. Ɗan babban mazari ta dubura yake zuƙar ruwa ya yi numfashi. Ɗan siririn mazari, mai naɗe fikafikai in ya sauka, da wutsiya uku masu kamar ganye yake yi. Dukansu mafarauta ne: leɓen ƙasa a lanƙwashe yake, sai su harba shi su cafke ƴaƴan sauro da talibambam. Su kuma abincin kifi ne.

Na cikin kogi sukan yi watanni da dama kafin su ƙosa. Mazarin nan mai ruwan ɗorawa da ke biyo hadarin damina kuwa, cikin kamar mako 6 yake gamawa, kafin kududdufi ya ƙafe. Ran fita, ƙwaron zai hau karan burgu, bayansa ya tsage, mazari ya fito ya bar ɓawonsa manne.

To, ina ruwanmu? A 2021 ƙungiyar UICN ta bayyana cewa kashi 16 cikin 100 na ire-iren mazari 6.016 na fuskantar ƙarewa, saboda ɓacewar fadamu da maganin ƙwari. Manomin shinkafa da ya wanke famfon feshi cikin magudana, da masuncin da ya zuba guba don kifi, sun kashe makamin da Allah ya ba mu kyauta a kan sauro, sun kuma rage cimar kifin Sarkawa.

Muna kira ga manoman Tara da na Gatawani su riƙa wankin kayan feshi nesa da ruwa. Malaman lakwal kuma su kai yara bakin kogi su ƙirga ɓawon da ke jikin burgu. Shekarar da aka neme shi aka rasa, a binciki dalili: ruwa ba ya tsami banza.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.