Harajin Kamfanoni: A Ajiye Jam'iyya, A Kawo Hujja

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, gardama ta ƙi ƙarewa. Ɗan APC ya ce talaka ba zai ji komai ba, ɗan adawa ya ce har mai tireda a kasuwar Gummi za a tatsa. Kowanne ya rage mudu.

Manyan kamfanoni na biyan kashi 30 cikin 100 na ribarsu, ƙanana kuwa an yafe musu tun dokar kuɗi ta 2019. Sai dai babban kamfani yakan maida nauyin kan farashin kaya, talaka ya biya.

Harajin yana shiga asusun tarayya, a raba har Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Nawa kamfanonin ma'adinai suke biya? Nawa ke iso mana? Ina yake tafiya? Wannan ce gardamar da ta shafe mu.

'Yan'uwa ɗalibai, wanda duk ya zo da zance, mu nemi hujjarsa, ko ɗan jam'iyyar gidanmu ne.