Ƙurar Tsohon Silin da Kwano: Cutar da ke Bin Ɗan Ci-rani Har Gida

A 'yan shekarun nan aikin rushe-rushe ya yawaita a manyan biranen Kudu. A Fatakwal gwamnati ta rushe unguwar Njemanze ta bakin ruwa a 2009, ta rushe Abonnema Wharf a 2012. A Inugu kuma an share gine-ginen wajen Holy Ghost, kusa da kasuwar Ogbete, a 2024 domin gina sabuwar tashar mota. Ban da waɗannan, kullum masu gidaje suna sauke tsohon rufi suna ɗora sabo. Duk inda aka yi irin wannan aiki, daga tsohon gari wajen kasuwar Creek Road har zuwa bakin gada a Anacha, da wuya a rasa 'yan Arewa cikin masu kwashe ɓaraguzai: leburori, da masu baro, da 'yan gwangwan masu neman ƙarfe. Galibi ana maganar asarar masu shaguna da batun diyya, amma ba a cika maganar ƙurar da waɗannan bayin Allah suke shaƙa ba.

Asbestos wani ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, in an farfasa shi sai ya warware kamar zaren auduga. Wuta ba ta cinsa, zafi ba ya ratsa shi, ga shi da araha, shi ya sa masana'antu suka rungume shi. Ana kwaɓa shi da siminti a yi kwanon rufi mai kauri da farantan silin da bututun ruwa. An kuma sa shi a fatar birki da kulocin mota, an naɗe tukwanen tururi da bututun jiragen ruwa da na ƙasa da shi.

Nijeriya ta sami nata rabon. An kafa kamfanin Nigerite a Ikeja a 1959. A 1961 kamfanin Turner & Newall na Ingila ya haɗa gwiwa da gwamnatin Jihar Gabas aka kafa Turners Asbestos Cement a Emene, kusa da Inugu, wanda daga baya ya koma Emenite. An yi irin waɗannan masana'antu a Sapele da Kano da Bauchi. Da kayansu aka rufe ɗimbin makarantu da asibitoci da barikoki da gidajen ma'aikata tun daga shekarun 1960 har zuwa na 1990. Manyan kamfanonin sun bar amfani da asbestos daga baya, amma abin da aka riga aka kafa yana nan a saman kawunan jama'a, yana tsufa yana rubewa.

Muddin farantin yana nan lafiyayye, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Matsalar tana farawa ne sa'ad da aka fasa shi da guduma, ko aka yanka da zarto, ko aka huda, ko aka share ɓurɓushinsa da tsintsiya. A nan ne siraran zaruruwan da ido ba ya gani suke tashi cikin iska. Wanda ya shaƙe su ba zai ji wari ko yaji ba. Su kuwa sai su nutse can cikin huhu, wasu su kai ga tantanin da ya lulluɓe huhun, kuma jiki ba ya iya narkar da su. Shekara da shekaru suna nan suna sukar nama, har wata rana wurin ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Wannan ciwon dajin na tantanin huhu, wani lokaci kuma na tantanin ciki, shi ne likitoci suke kira mesoteliyoma. Mafi yawan waɗanda suka kamu da shi, in an bi diddigi, sai a tarar sun taɓa cuɗanya da asbestos.

Ba yau aka gano haka ba. A 1924 wata ma'aikaciyar masaƙar asbestos ta Turner Brothers a garin Rochdale na Ingila, mai suna Nellie Kershaw, ta mutu huhunta ya ƙandare, aka rubuta labarinta a mujallar likitoci. A 1960 kuma Dakta J. C. Wagner da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutane 33 masu mesoteliyoma a Afirka ta Kudu, kusan dukansu sun cuɗanya da shuɗin asbestos da ake haƙa a lardin Kef. Abin tsoro shi ne da yawansu ba su taɓa aikin haƙar ba, zama kawai suka yi kusa da wurin, wasu tun suna yara. Ingila ta haramta shuɗi da ruwan ƙasa a 1985, ta haramta fari a 1999. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane irinsa yana jawo ciwon daji, kuma mutane fiye da 200,000 ne suke mutuwa kowace shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki.

To, abin da ya sa lamarin ya fi shafar ɗan ci-rani shi ne jinkirin cutar. Takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana. Saurayin da ya sauke silin a Fatakwal yana ɗan shekara 22, ba zai ji komai ba sai ya zama dattijo a ƙauyensu a ƙasar Katsina ko Sakkwato. A lokacin ne numfashi zai fara gagara, ƙirji ya riƙa ciwo, ruwa ya taru a gefen huhu, jiki ya rame. Waɗannan alamu sun yi kama da na tarin fuka, saboda haka ana iya ɗora mutum kan maganin wata shida ba sauƙi, dangi kuma su fara zargin sammu. Ba wanda zai tuna da aikin kwana uku da aka yi shekara talatin da suka wuce. Tabbatar da cutar sai an ɗauki hoton ƙirji, an kuma ciro ɗan nama an auna a babban asibiti, kuma da yawa ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu bayan an gano ta.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa, ta haɗa da cututtukan da aiki ya jawo. Amma lebura mai aikin yini, wanda ba takarda ba rajista, da wace shaida zai nemi haƙƙinsa? Mai gini ya biya shi da yamma, an rabu ke nan.

Tunda haka ne, abin da ya rage shi ne rigakafi. Duk tsohon silin ko kwanon siminti, a ɗauka akwai asbestos a ciki. A jiƙa shi sharkaf da ruwa kafin a taɓa, a kwance ƙusoshin a sauke shi ɗungurungum, kada a jefo shi daga sama. Kada a yanka, kada a share wurin a bushe, kada a sayi tsohon farantin don yin rumfa ko ɗakin kwana a zango. Ɗaure hanci da rawani ko hankici ba ya tare zaruruwan, sai takunkumi na musamman mai matata. Kayan aiki a wanke su daban a wurin aikin, domin an sha samun matan da suka kamu ta hanyar kakkaɓe tufafin mazajensu. Makanikai su daina hure ƙurar birki da baki ko da iska, su goge da jiƙaƙƙen tsumma. Mai shan taba kuma ya sani taba da asbestos in sun haɗu suna ninka haɗarin ciwon dajin huhu.

Akwai aiki a gaban Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin leburori na Fatakwal da Anacha da Inugu. Su ne za su iya faɗakar da yaran da suke sauka daga mota kowane mako, su kuma nemi 'yan kwangila su kawo ruwa da takunkumi kafin a fara aiki. Gwamnatocin jihohi kuwa, kafin su turo katafila, ya kamata a duba ginin a cire asbestos tukuna. Wanda kuma ya taɓa yin irin wannan aiki, ko da shekara nawa ne, duk ranar da ƙirji ya kai shi asibiti, ya gaya wa likita tun kafin a tambaye shi. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye, amin.