Wasiƙar Akawu: Lambar Mota Da Mai Bin Bashi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni filin da ka saba ba ni. Wasiƙu biyu sun zo mini a makon nan a kan magana ɗaya, watau mutumin da ya ɗauki mota ko keke mai ƙafa uku bisa sharaɗin biya kaɗan-kaɗan, ya gaza, masu kaya suka zo suka ɗauke abinsu. Suna tambaya, shin lambar da ke jikin motar ta wane ne, kuma wa zai sabunta lasin in ya ƙare motar tana ɗaure a garejin wani?

Kafin mu kai ga lamba, bari mu duba ɗaukewar kanta, gama a nan a ke cutar jama'a. Akwai doka a Nijeriya tun 1965 game da irin wannan ciniki. Ta ce a rubuta yarjejeniya, mai ɗauka ya sa hannu, a nuna masa kuɗin kayan in da lakadan zai saya, a kuma ba shi kwafin takardar cikin kwana 14. Babban abin da ke cikinta shi ne wannan: idan mutum ya riga ya biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin mota, mai ita ba shi da ikon karɓe ta da ƙarfin kansa, sai ya kai ƙara kotu. Misali, an yi ciniki a kan naira miliyan 5, ka biya miliyan 3, to ka shiga inuwar doka. In ya ƙwace ta ba bisa ƙa'ida ba, yarjejeniya ta mutu, kana kuma da ikon neman duk abin da ka biya. Amma fa kada wani ya karanta wannan ya miƙe ƙafa. Dokar ta yarda in biya uku ko fiye sun wuce ba ka kai ba, mai mota ya ɗauke ta ya ajiye a wurinsa don kada ta lalace, har alƙali ya yanke hukunci. Ajiya ce aka yardar masa. Ba a ce ya kai ta kasuwa ba.

To, sai lamba. Jama'a da yawa suna ɗaukarta kamar taya ko madubi, abin da ke bin mota duk inda ta tafi. Ba haka ba ne. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, a 1992 aka mai da lambobin ƙasar nan tsari ɗaya, a 2011 kuma aka sake su. Haruffa ukun farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, shuɗin rubutu na motar gida ne, ja na motar haya, kore na gwamnati. Abin da ido ba ya gani shi ne littafin da ke bayanta. Kowace lamba an ɗaure ta da sunan mutum da adireshinsa da lambar jikin motar, duk suna cikin kwamfutar hukuma. Ran da motar ta buge yaro a hanyar Funtuwa direba ya tsere, ko aka kama ta da kayan sata, 'yan sanda ba za su tambayi wa ke riƙe da makulli ba. Sunan da ke littafi za su bi, har ƙofar gida.

Saboda haka amsar tambayar ta rataya ga abu guda: sunan wa aka rubuta ran rajista? Sau da yawa masu ba da kaya sukan yi rajista da sunansu, su riƙe takardu na asali, su ba mai ɗauka kwafi. In haka ne, lamba tasu ce, sabunta lasin bayan sun ɗauke kuma nauyinsu ne, kada ka kashe ko kwabo. In kuwa da sunanka aka yi, to kai ne a gaban hukuma har ran da aka canza. Wannan mutum shi na ke ji wa tsoro, don yakan koma gida ya yi ta baƙin cikin mota, alhali kuwa sunansa yana can yana yawo a kan titi a hannun wanda bai taɓa gani ba.

Ga abin da na ke ganin ya kamata ya yi. Ran da aka zo ɗauka kada ya yi kokawa da kowa. Ya nemi a rubuta masa takarda mai kwanan wata da sa hannu cewa an karɓi mota mai lamba kaza da ƙarfe kaza, a jera abin da ke cikinta, ya ɗauki hoton lambar gaba da ta baya. Kashegari ya rubuta wa ofishin lasin na jiharsa cewa motar ta bar hannunsa, ya kai kwafi ofishin 'yan sanda da kamfanin inshora, ko'ina ya sa a buga masa hatimi a kan kwafinsa. Mu akawuna mun san takardar da ba hatimi, in rana ta ɓaci, sai a ce ba a taɓa ganinta ba. In an tabbata sayar da motar za a yi, ya nace a cire lambarsa, sabon mai ita ya yi tasa rajista. In ta dawo hannunsa kuma, kada ya ce ai tawa ce, ya maƙala ta a wata motar. Laifi ne, lambar jikin motar za ta tona shi.

Game da sabuntawa, lasin shekara-shekara ne, tare da shi akwai takardar lafiyar mota da inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. A farkon 2023 aka mai da kuɗin wannan inshora na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. Ni a ganina, wanda motarsa ke ɗaure ana shari'a, kada ya yi gaggawar biya, don bai san inda hukunci zai faɗi ba. Ya dai rubuta ranar ƙarewar a bango. In alƙali ya mayar masa, ya tafi ofishin lasin da kansa tukuna, ya sabunta, ya karɓi rasit, sa'an nan ya hau titi. Na ce da kansa, domin 'yan tsaye a bakin ƙofar ofis masu cewa kawo in yi maka, ba duk takardar da su ke kawowa ke cikin littafin hukuma ba.

Ɗaya daga masu wasiƙun ya ce ya biya fiye da rabi. Malam, fiye da rabi ba shi ne kashi 3 cikin 5 ba. Ka tattara rasit ɗinka duka, ka yi lissafi da alƙalami, ka kai wa lauya tare da takardar yarjejeniya.

Naku,
Akawu