Cinikin Zoɓo: Tun Daga Gona Ribar Take Zubewa

Shekaru aru-aru yakuwa ba ta wuce shukar gefen gona ba a ƙasar Hausa. Manomi yakan yafa ta a kan iyaka domin ta raba gonarsa da ta maƙwabcinsa, mata su tsinki ganyen su yi miya ko fate, a jiƙa zoɓon a sha, gurguzun kuma a yi daddawar batso da shi. A yau wannan tsiro ya shiga sahun kayan da ke samo wa Nijeriya kuɗin musaya, manyan motoci suna ɗaukarsa daga kasuwannin Jigawa, Kano da Katsina, a tara a Dawanau, daga nan sai tashar jiragen ruwa ta Legas. Babbar mai sayensa ita ce ƙasar Meziko, inda ake shan ruwansa kamar yadda muke sha, sai kuma ƙasashen Turai irin su Jamus masu haɗa shi cikin ganyen shayi.

Hukumar killace amfanin gona ta ƙasa, wato NAQS, ta bayyana cewa a shekarar 2017 an fitar da kwantena 1,983 na zoɓo zuwa Meziko. Ba a jima ba kuma ƙasar ta rufe ƙofarta, bayan da aka sami wani ƙwaron rumbu da masana ke kira Trogoderma granarium a cikin kayanmu. An ɗauki shekaru ana tattaunawa kafin a sake buɗe hanyar, bisa sharaɗin a riƙa turara kayan da magani a wuraren da aka amince da su. Waɗanda suka cika ɗakunan ajiya da bashin banki a wancan lokaci ba su buƙatar a tuna musu abin da ya faru.

Ra'ayinmu a nan shi ne, 'yan kasuwarmu sun ɗauki rabin darasin ne kawai. Sun mai da hankali ga turare da takardun tasha, alhali kuwa yawancin asarar tana faruwa ne tun kafin buhu ya bar ƙauye.

A fara da lokacin shuka. Yakuwa tsiro ne da ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wato wajen watan Satumba zuwa Oktoba, ko da yaushe aka shuka shi. Wanda ya shuka da saukar damina, a watan Yuni ko farkon Yuli, shukarsa za ta sami sararin yin rassa kafin lokacin fure, kuma a jikin rassan ne zoɓon ke fitowa. Wanda kuwa ya bari sai ya gama da gero da dawa tukuna, a watan Agusta, zai tarar da ita ta yi fure tana 'yar guntuwa. Manomi ba shi da laifi idan ya fara da abin da zai ci. Laifin na mai saye ne da bai taɓa ba shi dalilin da zai sa ya ɗauki yakuwa da muhimmanci ba.

Sai batun ƙasa. Yakuwa tana son jigawa mai tsane ruwa, tana kuma jure ƙarancin taki fiye da masara nesa ba kusa ba. Abin da ba ta jurewa shi ne kwanciyar ruwa. Idan aka ga shuka ta yanƙwane alhali ƙasa a jiƙe take, gindinta kuma ya yi baƙi, to ruɓewar saiwa ce, kuma babu feshin da zai dawo da ita. Maganin shi ne a yi kunya, a guji kwari, a tuge wadda ta kamu a ƙone. Idan kuma aka tuge aka ga saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, wannan aikin wata ƙaramar tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. Ya kamata a tuna cewa yakuwa dangi ɗaya take da auduga, kuɓewa da rama, cutarsu da ƙwarinsu kusan ɗaya ne, don haka kuskure ne a bi sawun ɗaya da ɗaya a gona guda. A sa hatsi a tsakani. Haka nan mai zuba takin yuriya da yawa zai sami dogon kara da ganye shar, amma zoɓo kaɗan. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai ya fi mata.

A nan ne gizo ke saƙar: ƙwari. Akwai ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke huda ganye kamar rariya, akwai darɓa, akwai kuma jan ƙwaron auduga da ke bin 'ya'yan. Da zarar manomi ya gan su sai ya nufi kasuwa ya sayo duk maganin da mai tebur ya miƙa masa, ya fesa har dab da girbi. Zoɓo kuwa abin sha ne, kuma masu sayensa a Turai suna auna ragowar guba a jikinsa. Ba mu manta ba cewa a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda irin wannan ragowar magani. Babbar shuka takan jure hudar ganye ba tare da wata asara mai yawa ba. Ƙarama ce ke buƙatar kariya, kuma ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa yakan wadatar a mafi yawan lokuta.

Amma babu inda ake zubar da kuɗi kamar wajen shanya. Ana buƙatar kusan kilo 10 na ɗanyen zoɓo kafin a sami kilo 1 busasshe, aiki ne mai cin lokaci, kuma mata da yara ne ke ɓare shi da hannu daga jikin ƙwallon irin. Bayan wannan wahala sai a baza shi a kan ƙasa, ko a gefen kwalta, iskar hunturu ta cika shi da yashi, awaki su ratsa. Wani kuma ya ɗure shi a buhu bai gama bushewa ba, ko don gaggawa ko don ya yi nauyi a sikeli, ya yi fumfuna, launinsa ya dushe. Daga nan a zuba shi cikin tsohon buhun hatsi, a jibge a ɗakin da aka ajiye gyaɗa ko dawa bara, inda tsutsar wancan ƙwaro da ya jawo mana rufe kasuwa take iya laɓewa watanni da yawa ba tare da abinci ba. Mai fitar da kaya zai biya ma'aikata su tsince, su sheƙe, su tankaɗe, sannan ya yi mamakin yadda nauyi ya ragu.

Me ya sa manomi zai sayi tamfol alhali dillali kuɗi ɗaya yake biya, ko zoɓo mai tsabta ne ko mai yashi? Muddin farashi bai bambanta ba, wa'azin malamin gona ba zai yi tasiri ba. Abin da muke kira gare shi shi ne manyan masu saye su tsayar da daraja biyu ko uku a fili, su sanar tun kafin shuka, su biya ƙari a kan na ɗaya. Su raba tamfol da sababbin buhuna a matsayin bashin da za a cire lokacin awo. Su kuma haɗa kai da cibiyoyin bincike irin ta Samaru da ke Zariya domin a ware iri mai duhun ja da kaurin ɓawo, tunda a yanzu manomi yana shuka duk abin da ya rage masa ne daga bara, ja da fari a gauraye.

Ƙasar Sudan, wadda zoɓonta na yankin Kurdufan ya daɗe da yin suna a kasuwannin Turai, ta faɗa cikin yaƙi tun watan Afrilun 2023. Ba abin murna ba ne, amma mai saye ba ya jira, zai nemi wanda zai cika masa kwantena da kaya iri ɗaya kowace shekara. Kuɗin tamfol ɗari bai kai asarar kwantena ɗaya da aka dawo da ita daga tasha ba, kuma tun kafin ruwan farko ya sauka ya kamata a yi wannan lissafi.