Willie Mays, Gwanin da Ya Fara da Sifili

Makon jiya wani ƙanena da ke aji biyar a Faskari ya nuna mini sakamakonsa na zangon farko, ya ce shi kam ya haƙura da lissafi, tunda 'yan ajinsu sun riga sun yi masa nisa. Maganarsa ce ta tuna mini da wani Ba'amurke baƙar fata, Willie Mays, gwanin wasan besbol.

Ba mu saba da wasan nan ba, amma ba shi da wuyar ganewa. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata sanda, abokan hamayya kuma su yi ƙoƙarin cafewa kafin ta taɓa ƙasa. Mays yana cikin masu tsaron bayan fili, can nesa inda ƙwallo ke faɗowa, in layi ya zo kansa kuma ya karɓi sanda ya buga.

An haife shi a jihar Alabama a 1931, zamanin da wariyar launin fata ta raba har filin wasa. Tun yana sakandare yake buga wa ƙungiyar baƙaƙen fata ta Birmingham Black Barons, amma bai ajiye karatu ba, sai da ya kammala a 1950 sannan ya sa hannu da New York Giants.

A watan Mayun 1951 ya shigo babbar gasa. Sau 12 a jere yana karɓar sanda ba tare da bugu ɗaya mai amfani ba. A na 13 ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga, sannan abin ya sake cije masa. Har ya roƙi kocinsa, Leo Durocher, ya mayar da shi ƙaramar gasa. Kocin ya ƙi, ya ce masa gurbin nan nasa ne. A ƙarshen kakar, Mays ne gwarzon sababbin 'yan wasa na gasarsu.

Yana cikin tashe aka kira shi aikin soja lokacin yaƙin Koriya. Ya rasa mafi yawan kakar 1952 da ta 1953 baki ɗaya. Sai dai ko a bariki bai bar hannunsa ya yi sanyi ba, ya ci gaba da wasa a ƙungiyar sojoji. Da ya dawo a 1954 aka zaɓe shi gwarzon gasar, Giants kuma suka ɗauki kofi. A wasan farko na zagayen ƙarshe ya yi cafiyar da har yau ake nunawa: yana gudu, ya ba ƙwallo baya, ya cafe ta ta saman kafaɗa. Ya yi ritaya a 1973 bayan ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 660, ya mutu a 2024.

Abin lura: duk gwanintarsa, cikin kowane bugu 10 kusan 3 kawai yake dacewa.

Mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san zafin asarar lokaci. Tun sace ɗaliban Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, da yawanmu mun yi zaman gida ko mun sauya makaranta, wasu har gari suka bari. Ba laifinmu ba ne, amma ranar WAEC da NECO ba a tambayar dalili.

Don haka ku yi irin ta Mays. In an rufe makaranta, kada a rufe littafi: ku haɗu uku ko huɗu a zaure, ku riƙa warware tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ko da biyar a rana. Ku kuma nemi Durocher ɗinku, malami ko yaya, ku faɗa masa daidai inda kuka maƙale. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙanen nan nawa dai mun yi alkawari zai riƙa kawo mini lissafi goma duk Asabar. Na farko ya ci uku. Sai mako mai zuwa.