Yaro ya bar makaranta, ina makomar kuɗin ziyarar da aka biya masa?

A makarantun sakandare na Ƙonni, Malbaza da Illela, idan aji ya shirya ziyarar ƙaro ilimi, lokacin da ya fi sauƙin tara kuɗinta shi ne bayan kaka, sa'ad da hatsi ke rumbu kuma magidanci ke da ɗan abin taɓawa. Tafiyar kuwa sai wajen hutun ƙarshen zango na biyu ko bayansa. Watanni uku zuwa huɗu ke tsakani, kuma su ne watannin da aji ke zubewa: wannan ya tafi cirani, wancan ya koma garkar albasa, waccan an sa mata rana. Daga nan sai uba ya sallama wa darakta da tambaya guda: tunda yarona ba zai je ba, ina kuɗinsa?

Kuɗin ba su da yawa a idon mai albashi. Amma yadda ake amsa wannan tambaya shi ke nuna ko iyaye za su sake sa hannu a aljihu baɗi, ba don ziyara kaɗai ba, har don gyaran rumfar aji da sayen alli.

Tsarnawa na zaune ne a mahaɗar babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi da wadda ta nufi Tawa, ƴan kilomitoci gabas da Ƙonni, kuma gari ne na cinikin albasa. Saurayi ɗan shekara 15 a nan yana ganin kuɗi na yawo a gabansa kullum. Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu ana cirar albasa, ana ɗurawa a buhu, ana lodi, kuma kowane hannu na da farashi. Iyakar Najeriya na kusa, inda wata Illelar take, ta jihar Sakkwato. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, arewa ma ta shiga jerin wuraren da samarin jihar Tawa ke dosa, bayan Abijan da Libiya da iyayensu suka sani. Ga ƴan mata kuwa, alƙaluman da UNICEF ta daɗe tana ambata sun ce kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar na yin aure kafin su cika shekara 18. Shekarun baya-bayan nan sun ƙara matsi: an rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta ba sai a Maris na 2024, darajar naira ta faɗi, sannan ambaliyar 2024 ta sa aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Gidan da ya cire yaro daga makaranta a irin wannan hali, sau da yawa shi ne gidan da ya fi bukatar jika goman da ya biya.

Dokar ilimi ta 1 ga Yunin 1998 ta sa iyalai cikin masu ɗaukar nauyin makarantun gwamnati, tare da gwamnati da ƙananan hukumomi. Hanyar da wannan gudunmawa ke bi a yau ita ce kwamitin kula da makaranta, wanda kowa ya sani da COGES. Jihar Tawa na da tarihi na musamman a nan, domin a cikinta ne aka fara gwada shirin «Makaranta don kowa» a 2004 da tallafin hukumar JICA ta ƙasar Japan, kafin a yaɗa shi ƙasa baki ɗaya. Ginshiƙan shirin su ne a zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar sirri, a tsara ayyukan shekara a babban taron iyaye, a kuma dawo gaban taron a faɗi abin da aka tara da abin da aka kashe. Ma'anar haka ita ce kuɗin ziyara, ko kwamiti ne ya karɓa, ko ƙungiyar iyaye, ko wani malami da aka wakilta, ba dukiyar makaranta ba ce. Amana ce da aka bayar don wani aiki takamaimai. Abin da aka kashe a kan aikin ya tafi. Abin da ba a kashe ba yana nan da sunan mai shi.

Daga nan ne lissafi ya kamata ya fara, kuma a nan ne ɓangarorin biyu kan yi kuskure. A ɗauki misali. A ce ɗalibai 50 za su je Yamai ganin gidan tarihi na Boubou Hama, tafiyar da ta haura kilomita 400, kowa ya biya jika 10, an tara jika 500. Shatar mota ta ci jika 300, abinci da masauki jika 150, kuɗin shiga da ƙananan bukatu jika 50. Rabon kowane yaro a mota jika 6 ne, a sauran abubuwa jika 4. Idan yaro ɗaya ya fasa, mai mota ba zai rage ko dala ba, domin man da motar za ta sha bai san kujera ta zama wayam ba. Amma shinkafar da yaron zai ci ba a dafa ta ba, tikitin shigarsa ba a yanka ba. Jika 4 ɗin nan babu wata hujjar riƙe su.

Yanzu a ce yara biyar ne suka bar makaranta, aka mayar wa kowannensu jika 10 cif. Jika 50 sun fita daga asusu, alhali abin da rashin zuwansu ya rage jika 20 ne kacal. Giɓin jika 30 zai faɗa kan yara 45 da suka rage, kusan sefa 670 kowanne. Uban da ke neman kuɗinsa duka, ba daga aljihun darakta yake nema ba, daga aljihun maƙwabcinsa ne. Haka kuma kwamitin da ya ce ba a mayar da ko dala, yana cin jika 20 da ba nasa ba. Idan kuwa an sami wani ɗalibi ya maye gurbin wanda ya tafi, ya kuma biya, to magana ta ƙare: kujera ɗaya ba a sayar da ita sau biyu, a mayar wa na farko kuɗinsa gaba ɗaya. Haka nan idan yaro ya bar makaranta tun kafin a ba mai mota komai.

Kalmar da ta fi yawo a irin wannan gardama ita ce kafin alƙalami. Kowane ɗan kasuwar albasa ya san ta, amma ba kowa ne ya san cewa malamai sun daɗe da yin magana a kanta ba. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo hani a kan cinikin da mutum zai ba da wani abu tun farko bisa sharaɗin idan ya fasa abin ya zama na mai kaya, kuma cikin misalan da ya bayar har da hayar dabbar hawa, wadda ita ce shatar motar wancan zamani. Mazhabar Hambaliyya ta halatta shi, haka ma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1993. Dokar boko da Nijar ta gada daga kundin Faransa na 1804 ta yarda da shi, amma da kaifi biyu: wanda ya bayar idan ya fasa ya yi asara, wanda ya karɓa idan ya fasa ya biya ninki biyu. Duk da wannan saɓani, babu ɗaya daga cikinsu da ya ce a riƙe kuɗin mutum bisa sharaɗin da ba a gaya masa ba tun farko. Kwamitin da bai faɗa a taron iyaye cewa kaza ba ya dawowa daga rana kaza ba, ba zai ƙirƙiro sharaɗin ranar da uba ya zo karɓa ba. Iyakar abin da zai iya cirewa shi ne asarar da zai iya nunawa da takarda.

Faransa, wadda tsarin makarantun Nijar ya samo siffarsa daga gare ta, ta ɗaure wannan al'amari da ƙa'ida. Majalisar gudanarwar makaranta ce ke amincewa da abin da kowane gida zai biya, kuɗin na bi ta hannun akawun gwamnati, ba a ɗora wa iyaye kuɗin malaman da za su yi rakiya, kuma idan an dawo aka sami rarar da ta kai yuro 8 ga iyali, wato jika 5 da ƴan kai, dole a mayar. Abin da bai kai haka ba, iyali na da wata uku su nema. Ba lallai ne kolejin karkara ta kwafi wannan duka ba, don ba ta da akawu zaune. Amma batun ƴan rakiya ya cancanci a ɗaga shi a nan ma: iyaye da yawa ba su san ko jika gomansu ta haɗa da kujerar mushe da abincinsa ba. Idan ta haɗa, ba laifi ba ne matuƙar an faɗa.

Akwai wata hujja da ta fi ta lissafi nauyi, kuma masu kawo ta ba mutanen banza ba ne. Sukan ce mayar da kuɗi ga uban da ya cire ƴarsa daga aji don ya aurar da ita tamkar saka masa ne da alheri. Gwamnati ta fitar da doka a ranar 5 ga Disamban 2017 don kare karatun ƴaƴa mata, kuma matakan da suka biyo baya a 2019 sun ba wadda ta yi aure damar ci gaba da karatu. Shin makaranta za ta sauƙaƙa wa wanda ke yin akasin haka? Damuwar gaskiya ce, amma maganin bai dace da ciwon ba. Jika 4 ko 10 ba su taɓa ɗage ranar aure ba. Abin da riƙe su ke haifarwa shi ne uban ya tafi da labarin cewa makaranta ta ci masa kuɗi, kuma labarin zai riga ƙannen yarinyar isa ƙofar aji. Ranar da ya zo karɓar kuɗin, wataƙila ita ce rana ta ƙarshe da zai zauna gaban darakta da ƙungiyar iyaye mata. Zama ne da za a iya gaya masa cewa gurbin ƴarsa na nan, ko da bayan biki. Wanda aka kora da faɗa a bakin ƙofa ba ya jin wannan.

Yaron da makaranta ce ta sallame shi, lamarinsa ya fi sauƙi. Ba shi ya fasa ba, an fasa da shi ne, don haka hujjar riƙe rabonsa na mota ma ta yi rauni. Haka idan hukuma ce ta hana tafiyar baki ɗaya saboda tsaro. Tun harin Kure na 9 ga Agustan 2020, inda aka kashe mutum takwas a wurin kallon raƙuman dawa, kowa ya san tafiya mai nisa na iya rushewa a dare ɗaya. Wannan na cikin abin da ke sa ziyarar kusa ta fi hankali: kamfanin siminti na Malbaza, tashar lantarki mai aiki da hasken rana da aka buɗe can a 2018, madatsar ruwa ta Mozage da ke shayar da filayen noman rani na Ƙonni. Tafiyar yini guda ba ta bukatar masauki, kuma ba sai an ba mai mota kuɗi wata biyu kafin rana ba.

Saura tambayar da ba a cika yi ba: wa za a miƙa wa kuɗin? Sunan uba ne a rajista, amma sau da yawa ba shi ya biya ba. Uwa ce ta ɗauki adashe ko ta sayar da akuya, ko kuma wan yaro ne ya aiko daga cirani ta Nita ko Al Izza. Ɗalibin ƙauye da ke zaune a gidan mai masauki a Tsarnawa ko Ƙonni, wani lokaci mai masaukin ne ya ranta. Akwai kuma saurayin da zai zo da kansa ya ce baba ya aiko shi, alhali kuɗin motar zuwa Agadas yake haɗawa. Ma'ajin da ya rubuta sunan wanda ya kawo kuɗi tun ranar karɓa ya huta da wannan duka. Wanda bai rubuta ba, zai mayar da amana ga wanda ba shi ya ba da ita ba, ya kuma buɗe wata rigimar a cikin gida.

Ga iyayen da aka hana, hanya na farawa ne daga shugaban kwamiti da ma'aji, ba daga malamin aji ba, wanda galibi ɗan aike ne. Abin nema shi ne a buɗe littafi a nuna abin da aka riga aka biya da ranar da aka biya. Idan ba a daidaita ba, babban taron iyaye na da ikon yanke magana, tunda shi ya amince da aikin. Bayansa akwai hukumar ilimi ta gunduma, akwai kuma mai gari ko sarki, waɗanda dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba ikon sasanta irin wannan saɓani. Kotu na nan a Ƙonni, amma kuɗin zirga-zirga da ranakun aikin da za a rasa za su cinye jika goman kafin a kira shari'a, kuma ɓangarorin biyu sun san haka.

Shi ya sa abin da ke raba gardamar ke faruwa tun a taron farkon shekara. A nan ne za a faɗi nawa ne rabon mota, nawa ne na abinci, wace rana za a ba mai mota kafin alƙalami, da abin da zai dawo ga wanda ya fasa kafin ranar ko bayanta. Layi huɗu ne a bayan rasit. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka babu abin da ya hana a rubuta layukan da Hausa, da boko ko da ajami, a kuma karanta su da ƙarfi a gaban waɗanda za su biya.