Haɗa Kai Wajen Binciken Halin Tsofaffi

Tun cikin 1992 Jami'ar Michigan ta Amurka take bin dubban mutanen da suka haura shekara hamsin, tana komawa gare su duk bayan shekara biyu da tambayoyi game da lafiyarsu, da abin hannunsu, da lokacin da suka bar aiki. Ingila ta bi sahu a 2002, wasu ƙasashen Turai a 2004, Sin kuwa a 2011. Da gangan aka sa tambayoyin suka yi kama da juna.

Amfanin haka ya bayyana a 2006, sa'ad da aka gwama sakamakon Amurka da na Ingila. Aka tarar ciwon sukari a tsakanin farar fatar Amurka masu shekara 55 zuwa 64 ya ninka na takwarorinsu na Ingila, alhali kuwa abin da Amurka take kashewa kan lafiyar mutum guda ya fi ninkin na Ingila. Da tambayoyin sun bambanta, da gwamin bai yiwu ba.

To, a nan Nijeriya an sake tsarin fansho a 2004, amma rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006. Ko yawan tsofaffin namu ma kintata shi ake yi.